An ba mu tsofaffin laftof shida: mu sa musu Linux ko mu kai wa 'yan gwangwan?

Malamin_Rikkos:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi. Shawara nake nema wajen masana kwamfutar gidan nan. Ina koyarwa a wata ƙaramar makarantar Islamiyya da boko a unguwar Rikkos, nan Jos. Surukin shugaban makarantarmu yana aiki a Abuja, ofishinsu suka yi gwanjon tsofaffin kaya, shi ne ya sayo laftof shida ya ba mu sadaka. Duk suna kamawa, amma akwai wadda idan na danna maɓallinta zan je in yi alwala in dawo ba ta gama tashi ba. Abin da muke so bai taka kara ya karya ba: yara su san kibod, su iya buga wasiƙa, su saba da maus tun kafin ranar JAMB ta zo su zauna gaban kwamfuta hannu na rawa. Wani tsohon ɗalibina ya ce in cire Windows in sa Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta ta kyauta, ya jero min sunaye, Lubuntu, Mint, antiX, har da wani wai shi Puppy, sai da kaina ya ɗaure. Shugaba kuma cewa yake mu sayar da su duka mu haɗa kuɗin mu sayi guda ɗaya mai kyau. Me kuka gani?

Dan_Dilimi:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin kowa ya ce uffan, kifa kowace ka karanto mana lambar da ke bayanta, da 'yar sitikar nan da ke gefen kibod. Ba a yi wa mara lafiya magani ba a gan shi ba.

Abu_Khadija:
Malam kada ka wahalar da kanka. Ka kai kasuwar Taminus a yi musu fomatin a sa Windows 11, shi kowa ke yayi yanzu.

Injiniya_Bukuru:
Abu_Khadija, da girman kujerarka, wannan shawarar ba za ta yi ba. Windows 11 yana neman TPM 2.0 (wata 'yar na'urar tsaro a cikin kwamfuta), da RAM (ƙwaƙwalwar da take aiki da ita) giga 4 aƙalla, da wurin ajiya giga 64, sannan a ɓangaren Intel furosesa daga zubi na 8 zuwa sama. Kwamfutar da ofis ya yi gwanjonta da wuya ta cika waɗannan sharuɗɗa. Ana iya yi masa dabara a tura shi ta ƙarfi, na sani, amma jaki ne za ka ɗora wa kayan raƙumi.

Abu_Khadija:
To a bar su a Windows 10 mana, ai yana aiki.

Injiniya_Bukuru:
Tun 14 ga Oktoban 2025 wa'adin Windows 10 ya cika. Windows 7 tun Janairun 2020, XP kuwa tun Afrilun 2014.

Sadiq_Naraguta:
Gyara kaɗan Injiniya. An ba da ƙarin shekara ɗaya na gyaran tsaro ga masu Windows 10 da suka yi rajistar shirin ESU, har zuwa Oktoban 2026. Amma maganarka tana nan, jinkiri ne kawai, ba magani ba.

Malamin_Rikkos:
Dan_Dilimi na duba. Uku Dell Latitude E6410 ne, sitikar ta ce Core i5, RAM giga 4. Biyu E6400, Core 2 Duo, giga 2. Ta shidan 'yar mitsitsiya ce, HP Mini, an rubuta Atom N270, giga 1. Ita ce mai XP, yara har sun sa mata suna Auta.

Injiniya_Bukuru:
Yauwa, yanzu aka zo wurin. Malam bari in raba maka abu biyu da mutane ke cakuɗawa, idan ka gane su sunayen nan za su daina ruɗa ka. Linux shi kansa injin mota ne, ba ka ganinsa. Linus Torvalds ya fara rubuta shi a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Abin da idonka ke gani a allo, wato menu da jakunkunan fayil da agogon can ƙasa, wannan bodi ne, kuma inji ɗaya yana ɗaukar bodi iri-iri. GNOME, wanda ke zuwa da Ubuntu na asali (wani sanannen nau'in Linux), bodi ne mai kyau amma mai nauyi. Xfce da LXQt da MATE su ne marasa nauyi. A ƙasansu kuma akwai irin su IceWM da JWM, waɗanda ba cikakken bodi ba ne ma, firam ne da kujera da sitiyari, kamar motar ɗaukar itace. Lubuntu ba komai ba ne illa Ubuntu sanye da LXQt, Xubuntu kuma Ubuntu sanye da Xfce. Mint yana fitowa kala uku: Cinnamon, MATE, Xfce. antiX daga Debian, wani babban nau'in Linux, aka samo shi, yana tashi da IceWM.

Da ni ne, ukun nan masu i5 zan sa musu Mint Xfce. Mint 22 an gina shi kan Ubuntu 24.04, yana da tallafi har 2029, ka ga ka huta na wasu shekaru. Biyun masu giga 2 kuma Lubuntu ko MX Linux. Auta sai antiX. Kada ka sayar da ko ɗaya, 'yan gwangwan a kilo za su auna maka su.

Dan_Terminus99:
Core 2 Duo ai 32-bit ce, tsohon tsarin furosesa na kafin 64-bit, Lubuntu na yanzu ba zai hau kanta ba.

Injiniya_Bukuru:
A'a ƙanina, duk Core 2 Duo 64-bit ce. Abin da ke ruɗa mutane shi ne yawancinsu da Windows 32-bit aka sayar da su. Atom N270 ɗin Auta ita ce 32-bit zalla, shi ya sa na ware ta. Lubuntu 18.04 shi ne LTS, wato fitowa mai dogon tallafi, na ƙarshe da ya fito wa 32-bit, Mint ma tun fitowa ta 20 ya daina.

Dan_Terminus99:
Na karɓi gyara yallaɓai.

UmmuHanifa:
Assalamu alaikum. Ni malamar kwamfuta ce a wata sakandare ta 'yan mata, kuma ban yarda da rabon da Injiniya ya yi ba, duk da na san ya fi ni sanin inji. Injiniya, kai kwamfuta kake kallo, ni aji nake kallo. Malam zai tsaya gaban yara talatin ya ce ku danna menu ku buɗe wurin rubutu, sai a samu benci uku menu ɗinsu iri ɗaya, benci biyu wani iri, benci ɗaya kuma wata duniya daban. Wallahi kafin a fara darasi an kaɗa ƙararrawa. Na yi wannan kuskuren shekarar farko, na sa wa kowace abin da aka ce ya fi dacewa da ita, na ƙare ina yawo tsakanin benci kamar mai tallar gyaɗa. Malam, ka zaɓi abu ɗaya ka sa wa biyar ɗin gaba ɗaya. Mint da kansu sun rubuta giga 2 shi ne mafi ƙaranci, giga 4 ya fi daɗi. Masu giga 2 za su ɗan ja ƙafa, amma ga buga rubutu sun isa.

Injiniya_Bukuru:
Malama kin yi gaskiya ta wannan fuskar, ban yi tunanin aji ba. Amma in haka ne a sauko da kowa Lubuntu, kada a hau da kowa Mint. Tafiyar ayari da mai rauni ake auna ta.

UmmuHanifa:
Bambancin LXQt da Xfce bai kai a yi faɗa a kansa ba. Abin da na duba shi ne wanda Malam zai iya gyarawa shi kaɗai ranar da ba ma kusa. Manhajar sabuntawa ta Mint da ta direbobi dannawa kawai ake yi.

Kawu_Gangare:
Ni dai duk wannan Turancin ba na ji, amma ina da tambaya. Ɗana ya ce a Linux sai an riƙa buga umarni a wani baƙin allo wai shi tamina. Mu Taminus muka sani, inda ake sayen takalmi. Yaran Islamiyya za su iya?

Sadiq_Naraguta:
Kawu ka sa na yi dariya ni kaɗai a cikin keke. Wancan zamanin ya wuce. Mahaifiyata shekara biyu tana amfani da Xfce, ba ta taɓa buɗe baƙin allon ba, ba ta ma san yana ciki ba. Mai gyara ne ke buƙatarsa jefi-jefi.

Dan_Dilimi:
Ku yi ta musun bodi, ni mai gyara ne, ga abin da nake gani a teburina kullum. Laftof ɗin da Malam ya ce tana ɗaukar tsawon alwala kafin ta tashi, ba Windows ne kaɗai laifinta ba, faifan ajiyarta ne ya gaji. Tsohon had-dis faifai ne ke juyawa a ciki da allura kamar garmaho, shekara goma sha yana juyi. Cire shi ka sa SSD, wurin ajiya na zamani da ba abin da ke juyawa a cikinsa, ko da mai giga 120 ne, Latitude ɗin nan duka irin mai majonin SATA suke ɗauka, ta gefe ma ake zaro shi kamar aljihun tebur. Wanda ya sa SSD da Mint zai tsere wa wanda ya bar tsohon faifai ya sa antiX.

Na biyu, ƙura. Wannan hunturun da muke ciki, buɗe bayan kowace ka duba fanka. Makon jiya na buɗe wata, abin da na zaro tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya ya yi kama da audugar katifa, a dunƙule, har da gashin mage. Furosesa idan ta ji zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Tsohon buroshin haƙori da sabon man furosesa sun isa. Sanyin Jos yana rufa mana asiri, da a Abuja ne da tuni sun riƙa mutuwa da rana tsaka.

Na uku, RAM. E6410 DDR3 take ci, E6400 kuma DDR2. Ba sa shiga ramin juna, tsagar ba wuri ɗaya take ba, kada ka danna da ƙarfi ka karya.

Malamin_Rikkos:
Allah ya saka da alheri Dan_Dilimi. Sai dai kuɗin SSD biyar ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu, kuɗin alli ma sai an yi karo-karo.

Dan_Dilimi:
Fara da biyu Malam, masu Core 2 Duo, su suka fi buƙata. Sauran idan Allah ya hore.

Hajiyar_Bauchi_Road:
Tunda an zo maganar masu gyara, Malam ka tsaya a kansu idan za a buɗe. Na taɓa kai tawa wani shago a goge min ƙura, na tafi kasuwa na dawo, sai bayan wata guda ɗan ƙanwata ya duba ya ce Anti ai giga 8 ɗinki ta koma 4. Na koma mutumin ya rantse haka ya gan ta. Na bar shi da Allah. Ban ce duka haka suke ba, Dan_Dilimi kada ka ji haushi.

Dan_Dilimi:
Ba haushi Hajiya, akwai su a cikinmu. Ɗauki hoton RAM ɗinki kafin ki miƙa, shi ke nan.

Sadiq_Naraguta:
Akwai abin da ba wanda ya faɗa har yanzu. Duk wannan lissafin na wane bodi ya fi sauƙi, da zarar an buɗe burauza ya rushe. A tsohuwar tawa antiX yana tashi da abin da bai kai megabait 300 ba, in buɗe Firefox da shafi uku, Facebook da YouTube da Gmail, sai in ga an haye giga ɗaya. Shafukan intanet na yau su ne masu cin RAM, ba ruwansu da ko Linux kake ko Windows. Abin da ke taimakawa: ka sa uBlock Origin ya tare tallace-tallace, ka kunna zram don ya matse abin da ke cikin RAM maimakon ya riƙa zubawa a faifai, sannan ga YouTube akwai h264ify da ke tilasta bidiyo ya zo a H.264, wanda tsofaffin inji suka fi iya narkawa. Ka kuma sauke ingancin bidiyo zuwa 480.

Malamin_Rikkos:
Mu ai ba mu da intanet a makaranta ma, sai in na kunna na wayata.

UmmuHanifa:
To ka ma huta Malam, rabin matsalar ta tafi. Ga abin da za ka sauke sau ɗaya ka ajiye. GCompris na ƙananan yara, wasanni ne na lissafi da haruffa da koyon riƙe maus. Tux Typing na koyon kibod, haruffa na faɗowa daga sama yaro na bugawa, za ka ga har rigima suke a kan layi. Tux Paint na zane. LibreOffice, takwaran su Word na buga takardu, yana zuwa a cikin Mint. Sai Kiwix, wanda ke ba ka damar ajiye Wikipedia a cikin kwamfuta a karanta ba intanet, kuma akwai ta Hausa, ba ta da nauyi. Wannan na ƙarshen shi ya fi burge iyaye ranar da suka zo ziyara.

Dan_Terminus99:
Me ya sa ba wanda ya ambaci ChromeOS Flex? Na Google ne, kyauta, ga sauri.

Sadiq_Naraguta:
Karanta sama kaɗan, Malam ya ce ba intanet. Flex kusan komai nasa a burauza yake, kuma giga 4 yake nema da 64-bit. Ba nasu ba ne.

Oga_Bisines_Senta:
Ku yi haƙuri in zuba muku ruwan sanyi. Shekara goma sha ɗaya ina da shagon buga takardu kusa da jami'a. Yaron da zai zo neman aiki wajena tambaya biyu nake masa: ka iya Word, ka iya CorelDRAW? Ban taɓa tambayar wani ko ya iya LibreOffice ba. Na gwada Linux a kwamfuta ɗaya ta shago, ɗalibi ya kawo furojet ɗinsa shafi tamanin, na buɗe, teburori suka zame, lambar shafi ta koma wani wuri, ga shi washegari zai kai wa malaminsa. Daren nan na mayar da Windows. CorelDRAW kuma ba shi da na Linux sam. Ku koya wa yara abin da kasuwa ke saye.

UmmuHanifa:
Oga, yaran Malam 'yan firamare ne da ƙaramar sakandare, ba masu neman aiki a shagonka ba. Yarinyar da ta iya zaɓar rubutu ta ƙara masa kauri, ta saka tebur, ta ajiye fayil ta nemo shi gobe, kwana biyu ya ishe ta ta saba da Word. Hannu da ido ake koyarwa. Wanda ya koyi tuƙi a tsohuwar Fijo ba ya kasa jan Toyota.

Injiniya_Bukuru:
Zamewar da Oga ya gani yawanci daga salon haruffa ne. Takardar an buga ta da Calibri ko Times New Roman, kwamfutar ba ta da su, sai ta musanya da wani mai faɗi daban, layuka su ture juna. Idan aka sa Carlito, faɗinsa ɗaya da Calibri, Liberation Serif kuma ɗaya da Times New Roman, yawancin matsalar tana tafiya. Ban ce duka ba. A kan CorelDRAW kuwa ba ni da ta cewa, gaskiyarsa ce. Inkscape yana buɗe wasu fayilolinsa, amma ba zan ce wa mai shagon da ke cin abinci da shi ya canza ba.

Oga_Bisines_Senta:
Ka ga ka dawo hanya. Sannan firinta fa?

Injiniya_Bukuru:
Yawancin firintocin HP suna aiki ta HPLIP, manhajar firinta ta HP a Linux. Irin su LaserJet 1020 da suka cika shagunanmu suna neman a sauke musu wani ƙarin fayil sau ɗaya da intanet, daga nan shi ke nan.

Almajirin_Malam:
Ni wani ɓangare nake so a duba tunda makarantar Islamiyya ce. Windows da Office da ake sa mana a kasuwa, mu faɗi gaskiya, yawanci fasassu ne, ba a biya masu su ba. Ya dace a koyar da yara amana a kan kayan da aka fasa? Linux masu shi da kansu suka rubuta a lasisinsa cewa ka kwafa, ka raba, ka gyara. Lasisin GPL ke nan na su Richard Stallman, wanda ya fara aikin GNU a 1983. Ni wannan kaɗai ya ishe ni hujja.

Abu_Khadija:
Kai kuma ka jawo mana fatawa cikin maganar kwamfuta. Kwamfutocin ofis da lasisinsu suke zuwa, sitikar tana nan a ƙasansu.

Almajirin_Malam:
Sitikar Windows 7 ce ko Vista, ba ta Office ba. Ban ba da fatawa ba, tambaya na yi.

Kawu_Gangare:
A bar wa malamai wannan, ku koma kan Auta, ni ita nake tausayi.

Sadiq_Naraguta:
Kawu, Auta tana da zaɓi amma ƙofa na rufuwa. Debian 13 da ya fito a Agustan 2025 ya daina fitar da na ɗorawa a kan 32-bit, kuma yawancin ƙananan Linux ɗin nan daga Debian suke ɗiba. Chrome tun 2016 ya bar Linux 32-bit. Yanzu dai antiX yana da nata. Akwai kuma Puppy, na Barry Kauler ɗan Ostareliya, tun 2003, wanda ke kwashe kansa ya zuba a RAM ya yi gudu daga can, ko faifai babu zai tashi daga filash. Matsalarsa a aji ita ce kai tsaye a matsayin mai gida yake shigar da kai, yaro na iya goge abin da bai kamata ba. Amma kuma in ka kashe ba ka ajiye ba, gobe ya dawo sabo fil.

Dan_Terminus99:
Linux ɗin nan Q4OS mai bodin Trinity fa? Kamarsa ɗaya da XP, yara ba za su ma san an canza ba.

UmmuHanifa:
Yaran da aka haifa bayan 2014 ina suka san XP balle su yi kewarsa? Mu ne masu kewar.

Baban_Zahra:
Malam ga gargaɗi daga wanda ya ƙone. Ranar da na fara sa Linux, na zo wurin da yake tambaya ko a goge faifai gaba ɗaya ko a ajiye shi gefen Windows. Ana kiran sallar magariba, ina sauri, na danna na farko. Laftof ɗin uwargida ce. Hotunan bikinmu, na sunan Zahra, da lissafin adashinta na shekara biyu, duk suka tafi. Ba laifin kowa ba ne sai nawa, ya ma tambaye ni sau biyu. Sati guda ana ba ni tuwo ba miya a gidan nan. Ka kwashe duk abin da ke ciki kafin ka taɓa komai.

Hajiyar_Bauchi_Road:
Sati ɗaya kawai? Uwargidanka mai haƙuri ce.

Injiniya_Bukuru:
Ga wani abu kuma kan wannan: kwamfutocin ofis ne, mai yiwuwa akwai takardun mutane a ciki. Malam ka tambayi wanda ya kawo ko akwai abin da suke so, in babu a goge gaba ɗaya, ya fi zama amana. Yadda za ka yi: sami filash mai giga 16, ka sa masa Ventoy, manhajar da ke sa kwamfuta ta tashi daga filash, sai ka jefa fayilolin ɗorawa (ISO) na Mint da Lubuntu da antiX a ciki kamar yadda kake kwafar karatu. Idan ka kunna Dell ka riƙa danna F12, HP kuma F9, ka zaɓi filash. Kowanne zai tashi ka gwada shi ba tare da ya taɓa faifai ba. Ka gwada sauti, kibod da Wi-Fi kafin ka ɗora. Gani ya kori ji, kai da Malama UmmuHanifa sai ku raba mana gardama.

Malamin_Rikkos:
Nawa ne nauyinsu? Data nake ji.

Sadiq_Naraguta:
Mint da Lubuntu kowanne wajen giga 3 ne, antiX bai kai haka ba. Kada ka ƙona datarka Malam, ina da su duka a filash. Ina zuwa Masallacin Juma'a jibi, in ka ga dama mu haɗu bayan an sallame. Wannan shi ne daɗin abin, halal ne in ba ka ka ba wani.

Marubuciya_Jos:
Ku yafe min in karkatar da zancen kaɗan. Ni damuwata haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. A waya ba matsala, a kwamfuta kuwa kwafowa nake daga wani fayil ɗaya bayan ɗaya. Linux yana da su? Don in yara za su koyi buga rubutu, ya kamata su san bambancin ƙasa da kasa tun yanzu.

Injiniya_Bukuru:
Yana da su Anti. A saitin kibod ki ƙara sabon tsari, ki nemi Najeriya, za ki ga Hausa tare da Yarbanci da Ibo. Akwai ma Hausa a ƙarƙashin Gana. Ba sai kin sauke komai ba. Larabci ma haka, kuma LibreOffice yana rubutu daga dama zuwa hagu. Malam in za ka buga jarabawar Larabci ka nemi salon haruffa mai suna Amiri, wasulla suna zama daram a kansa.

Marubuciya_Jos:
Shekara nawa ina wahala a banza. Na gode.

Malamin_Rikkos:
Jama'a ga rahoto. Na haɗu da Sadiq ranar Juma'a, Allah ya yi masa albarka, har makaranta ya biyo ni. Mun gwada Mint Xfce da Lubuntu a kan mai giga 2. Gaskiya Lubuntu ya ɗan fi saurin buɗe abubuwa, amma da na zaunar da yara biyu, a Mint suka fi saurin gano inda komai yake, ni ma haka. Mun sa Mint a huɗu. Ta biyar faifanta ƙara yake ƙas-ƙas-ƙas, ɗorawar ta tsaya a rabi har sau biyu, Dan_Dilimi maganarka ta fito, tana jiran SSD. A ɗaya daga cikin huɗun Wi-Fi bai fito ba, Sadiq ya ce katin Broadcom ne, ya jona wayarsa da kebul ya ba ta intanet, ya buɗe manhajar direbobi ya danna, ya fito. Mun zaro ƙura cikin murfin galan. Jiya an ɗauke wuta tsakiyar darasi, uku suka mutu nan take don baturansu sun gama aiki, wannan kuma wata matsalar ce. Shugaba ya leƙo ya ga yara na kokawa da Tux Typing, bai ce komai ba, amma bai sake maganar 'yan gwangwan ba.

Injiniya_Bukuru:
Madalla. Har yanzu ina nan kan bakana cewa masu giga 2 Lubuntu ya fi musu, za ka gani ranar da ka buɗe burauza. Ka kunna Timeshift, mai ajiye kwafin tsarin kwamfutar don a mayar idan ya lalace, kuma ka buɗe wa yara asusu daban wanda ba shi da ikon mai gida.

UmmuHanifa:
Injiniya ba ka saduda. Malam, ka rubuta kalmar sirrin mai gida a takarda ka ba shugaba ya ajiye, kada ta zama a kanka kaɗai.

Oga_Bisines_Senta:
Ni dai ina jiran ranar da ɗaya daga cikinsu zai zo shagona. Zan zaunar da shi gaban Word in gani da idona.

Kawu_Gangare:
Auta fa? Ba ka ce komai a kanta ba.

Malamin_Rikkos:
Kawu, antiX ya tashi a kanta da gudu har na yi mamaki, amma menu ɗinsa daban ne, kuma allonta ƙarami ne, wasu tagogin ƙasansu ba ya fitowa. Ina tunanin in ajiye ta a ofis don rajistar ɗalibai da buga jarabawa. Sadiq kuma yana cewa a sa mata Kiwix a bar ta a kan tebur kamar ƙamus. Ban yanke ba tukuna.

Dan_Dilimi:
Kafin ka yanke, ƙara mata RAM zuwa giga 2, iyakarta ke nan, rami ɗaya gare ta. Ina jin akwai DDR2 guda a cikin gwangwanin da nake tara sukurori, bari in duba gobe in na buɗe shago.